Yaya ake shiga jirgin ƙasa a ƙananan tashoshin Japan?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Ƙanena zai tafi karatu Osaka, masaukinsa yana bayan gari, kullum sai ya hau jirgi. Me ya kamata ya sani?

Malam na Runjin Sambo: Wa alaikumus salam. Ya fara sayen katin ICOCA, wato katin da ake zuba wa kuɗi don biyan kuɗin jirgi, a injin tasha. Ana riƙe yen 500 a matsayin ajiya, kuma kuɗin da kati ke ɗauka ba ya wuce yen 20,000. Ya taɓa katin a na'urar ƙofar tasha wajen shiga, ya sake taɓawa wajen fita. In bai taɓu da kyau wajen fita ba, ƙofa za ta ƙi shi a tafiya ta gaba, sai ma'aikaci ya gyara. In kuɗi suka gaza, akwai injin cikawa kafin ƙofar fita.

Hajiya ta Arkilla: Malam ya bar babba. Ba kowane jirgi ke tsayawa a ƙaramar tasha ba. Mai suna futsu yana tsayawa ko'ina, kaisoku kuwa tsallake wasu yake yi. Ya duba allo kafin ya shiga, don Allah.

Ɗan Mabera: Na gode, Hajiya. Da dare fa?

Hajiya ta Arkilla: Jirgin ƙarshe wajen sha biyun dare ne. In ya wuce, sai tasi, ga tsada.