A kan katin mu ne, a bayan teburin fa su waye?

Baban Khalil, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai, ina so in ji ko wani ya taɓa cin karo da shi. Ɗana Khalil ya kamu da son tara katin 'yan wasa, musamman na ƙwallon kwando. A ƙarshen watan Yulin 2023 na ajiye tasi kwana uku, muka kama hanya zuwa Rosemont, kusa da Shikago, inda aka yi babban baje kolin katin da ake yi duk shekara a Amurka tun 1980. Ban taɓa ganin kati da yawa haka ba. Duk akwatin gilashin da ka leƙa, Michael Jordan ne, Kobe Bryant ne, LeBron James ne, Giannis ne. Amma da ka ɗaga kai ka dubi mai teburin, sai ka ga Bature mai furfura. Muna cikin zagaye na biyu yaron ya ja hannun rigata ya ce, "Baba, mu ba ma sayarwa ne?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi. Masu saye akwai baƙaƙe, akwai 'yan Asiya da Latino, amma masu tebur irinmu da na gani a yinin nan ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ku da kuka jima a harkar, haka abin yake ko'ina?

Malam Sani, Kolombus:
Wa alaikumus salam Baban Khalil. Idonka bai yi maka ƙarya ba. Ni tun wajen 1996 nake ciki, kuma abin da na fahimta shi ne harkar nan gado ce. Abokin aikina Bature ya taɓa kawo mini kwalin takalmi cike da katin besbol na shekarun 1950, wanda mahaifinsa ya bar masa. Bai sayi ko ɗaya ba, ya buɗi ido ne ya gan su a gida. A cikin irin wannan kwali ake samun katin Mickey Mantle na 1952, wanda aka yi gwanjon guda ɗaya dala miliyan 12.6 a 2022. Jarin mutanen da ka gani a bayan tebur daga nan ya faro.

To, baƙar fatar Amurka fa? Wani dattijo da muke haɗuwa a ƙaramin baje koli shi ya buɗe mini ido. Kafin Jackie Robinson ya shiga babbar gasar besbol ranar 15 ga Afrilun 1947, baƙaƙe gasarsu daban suke bugawa, kuma kamfanonin Amurka ba su damu da buga katinsu ba. Josh Gibson, wanda da aka haɗe alƙaluman gasannin a 2024 ya zarce Ty Cobb, Baturen da ya daɗe yana riƙe da kambun iya bugun ƙwallo, ya rasu a farkon 1947. Katinsa da ake ji da shi a Puerto Rico aka buga, bayan ya mutu. Dattijon ya ce mini kakansa ya kalli Gibson da idonsa, amma babu ko takarda ɗaya da ya bar musu. Ka ga wanda bai gada ba, sai dai ya saya da tsada, kuma ba kowa ke da wannan sararin ba. Mu kuma da muka zo daga baya, hankalinmu na kan kuɗin haya da aiken gida.

Maman Aisha, Filadelfiya:
Malam Sani ka faɗi gaskiya, amma ba gado kaɗai ba ne. Akwai kallon da ake yi mana, kuma ni na ɗanɗana shi. Na kai yarana biyu wani baje koli a zauren otal, ina sanye da hijabina. Aisha ta nuna wani kati ta ce a fito mata da shi ta gani. Mutumin bai ko motsa ba, ya ɗora tafin hannunsa a kan gilashin ya ce, "Wannan yana da tsada." Bai tambaye mu nawa muke da shi ba. Muna tsaye wani yaro ya zo da babansa, nan take ya zaro makulli. Aisha ba ta ce komai ba, sai dai na ga ta mayar da kuɗinta cikin jaka, kuɗin da ta tara tun daga barka da sallah.

Na so mu tafi, ita ta ce a'a. Can ƙarshen layi muka tarar da wani tsoho, shi ma Bature ne. Da ya ji daga Najeriya muke, sai ya fito da katin Hakeem Olajuwon, ɗan ƙwallon kwandon nan haifaffen Najeriya, na kamfanin Fleer na 1986, ya sa mata a hannu, ya ce ta juya ta karanta bayansa. Ya ba ta labarin yadda aka fara zaɓen Hakeem wajen ɗaukar sababbin 'yan wasa a 1984, Jordan kuma ya zo na uku, da yadda yake buga wasa yana azumi. Ya koya mata duba kusurwoyi da daidaiton gefe, abubuwan da PSA, kamfanin tantance kati, ke dubawa kafin su ba da maki daga 1 zuwa 10. Kusan minti ashirin ya ɓata a kanta. Katin nan yanzu yana kan teburin karatunta. Da mun fita tun a teburin farko, da shi ke nan ta bar harkar har abada, kuma na tabbata yara da yawa a nan suke juyawa.

Usman, Landan:
Mu nan Ingila abin ya ɗan bambanta, don sitikar 'yan ƙwallon ƙafa ta kamfanin Panini ce ta fi tashe, kuma fakitin ba shi da tsada. Lokacin kofin duniya na 2018 idan ka je ƙofar makarantar yarana, Basomale, Bafakistane, Bature, ɗan Jamaika, kowa da damin sitikarsa ana musanya. Washegarin da Ahmed Musa ya ci Iceland biyu, yarona ya dawo yana cewa kowa shafin Najeriya yake tambayarsa. Amma da aka koma maganar katin da aka tantance, mai ɗaruruwan fam, sai fuskokin su fara zama iri ɗaya. Inda kuɗi ya yi nauyi, nan muke raguwa.

Alhaji Mamman, Greensboro:
Ku yi haƙuri in kawo wani gefe. Ni da kaina na hana yarana, kuma ba don wariya ba. Abin da ake yi yanzu a intanet, mutum ya biya kuɗi ya sayi duk katin da zai fito na wata ƙungiya, a buɗe kwali kai tsaye, ko ya samu ko ya tashi a tutar babu, ni ban ga marabarsa da caca ba. Iyaye da yawa a masallacinmu wannan ne ya sa suka ja baya. Idan yaro zai sayi katin da ya gani da idonsa, ya san abin da ya biya, ba ni da ja.

Nura, New Jersey:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ni ma ba na shiga wannan. Kati ɗaya-ɗaya nake saye, in sayar. Bara na yi ƙundunbala na kama tebur a wani ƙaramin baje koli na ranar Lahadi. Da safe sau biyu ana tambayata ina mai teburin ya tafi. Na ce ni ne. Zuwa azahar wata mata 'yar Ghana ta tsaya da yaranta uku, ta ce sun zagaya ko'ina, nan ne kawai suka ji za su iya tambayar farashi ba tare da kunya ba. Na ajiye kwalin katin dala ɗaya-ɗaya a gaba, yaran suka durƙusa suna tona shi kusan awa guda. Ƙaramin ya samo Giannis, na gaya masa iyayen mutumin nan 'yan Najeriya ne, sunan gidansu na asali Adetokunbo, kuma wani katinsa ya haura dala miliyan 1.8 a 2020. Ya riƙe na dala ɗayan nan da hannu biyu har suka fita.

Baban Khalil, teburina yana da faɗi. Idan kun yarda, Khalil ya zo da kwalinsa wata mai zuwa, in ba shi rabi.

Baban Khalil, Bronx:
Nura, Allah ya yi maka albarka, ya saka da alheri. Na karanta masa, ga shi nan ya baje katinsa a tsakar falo yana ware na sayarwa. Ya ce in tambaye ka, da fensir ake rubuta farashin ko sai an sayi ƙananan sitika? Turo mini ranar da adireshin ta akwatin sirri, zan nemi wanda zai riƙe mini motar.