Harajin tabar wiwi da karatun yara bayan tashi daga makaranta

A 2021 masu zaɓe a jihar Kolarado ta Amurka, inda doka ta halatta sayar da wiwi, sun yi watsi da Ƙudiri na 119, wanda ya nemi a ƙara harajin wiwi domin biya wa yara kuɗin ƙarin darasi da koyon harsuna da sana'o'i bayan an tashi. Wata shawara kan irin wannan shiri ita ce kada a ɗora albashin malamai a kan wannan haraji. Kuɗin na hawa da sauka da kasuwa: a Kolarado sun haura dala miliyan 400 a 2021, sannan suka yi ta raguwa. Iyayen da suka saba ɗauko ɗansu ƙarfe shida, ina za su kai shi idan shirin ya tsaya tsakiyar zango? Don haka a riƙa ajiye wani kaso a shekarar yalwa.

Wata shawarar kuma ita ce a rubuta a doka cewa kuɗin ƙari ne, ba madadin kasafin ilimi ba. A ganina wannan ce ta fi nauyi, domin 'yan majalisa na iya zaftare tsohon kason shiru.

An kuma ce a fara da 'ya'yan talakawa, a haɗa da motar mayar da su gida.