Wai mece ce Hausar "give up"?

Jama'a, ku taimaka. Jiya na ga an fassara "never give up" da "kada ka taɓa ba da sama". Na yi dariya har da riƙe ciki, amma da na zo kawo tawa fassarar sai na yi turus.

Matsalar ita ce "up" ɗin nan ba sama take nufi ba, haɗuwarta da "give" ce ta haifi sabuwar ma'ana. Kuma ma'anar ba ɗaya ba ce. Mashayin taba in ya yi "give up", dainawa ya yi. Ɓarawon da ya gaji da ɓuya, miƙa kansa ya yi. Sarkin Ingila Edward na Takwas da ya bar gadon sarauta a 1936 don ya auri Wallis Simpson, wannan murabus ne, ba mai musu.

Inda gardamar take shi ne "I give up" na wanda abu ya gagara.

Wani malami a nan ya ce "na haƙura". Allah ya gafarta malam, na yarda, bakinmu haka yake faɗa. Sai dai haƙuri wuƙa ce mai kaifi biyu. Ka ce wa ɗalibi ya yi haƙuri da karatu, ka ce masa ya jure ke nan. Ya dawo ya ce maka ya haƙura da karatu, to ya ajiye littafi. Tushe ɗaya, hanya biyu. In ka rubuta "kada ka haƙura" a gaban riga, wani zai ɗauka tunzura shi kake ya rama.

Wata 'yar'uwa ta kawo "saduda". Kalma mai daɗi, amma ita tana buƙatar wanda ya fi ƙarfinka, ka sunkuyar masa da kai. Wannan ta fi kusa da "give in", wadda Churchill, Firaministan Birtaniya na lokacin, ya yi ta nanatawa a makarantar Harrow a watan Oktoban 1941, mutane kuma suke yawan juya ta zuwa "give up".

In likita ne ya yi "give up" a kan majinyaci, fid da rai ya yi. In wasa ƙwaƙwalwa ne amsa ta ƙi zuwa, ai muna da tamu tun tuni: na ba ka gari.

Ni dai ga inda na tsaya kan ta jiya: "kada ka karaya". Karaya a zuci take farawa tun hannu bai saki ba, kuma abin da mai cewa "never give up" ke gargaɗi a kai ke nan. Masu goyon bayan "kada ka sare", ina jin ku, amma ku kawo mini jimla ɗaya da karaya ta kasa ɗauka tukuna.