Neman shawara: Zan kai yarona ganin 'yan wasan Oilers, ni kuma ban san kan hoki ba

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga mu zama a Edmonton. Yarona shekararsa tara, tun da ya shiga makaranta a nan Kanada hokin ƙanƙara ya shiga ransa, ko abinci yake ci zancen ke nan. Ni kuwa iyakacina ƙwallon ƙafa, daga Kano Pillars sai Arsenal. Yanzu ga shi Oilers, kulob ɗin hokin Edmonton, za su yi taron godiya ga magoya baya, wanda 'yan wasa ke zama suna sa hannu a kayan mutane ana gaisawa. Yaron ya kafe sai ya ga McDavid ido da ido. Da wuri ake zuwa? Me ake riƙewa? Dole sai na sayi rigar nan ta McDavid mai lamba 97? Na leƙa kuɗinta a kanti na ajiye ta a hankali. Kuma mamansu na son zuwa da ƙanwarsa, ko wurin bai dace da iyali ba?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, kafin maganar riga, ka fara gyara zuciyar yaron tun a gida. Kada ka yi masa alkawarin McDavid. Mutumin nan shi ne kyaftin, shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2015, kuma garin nan kaf shi suke so. Layinsa da na Draisaitl, ɗaya tauraron kulob ɗin, ke fara cika, akwai masu yin sammako tun kafin asuba, kuma lokacin zaman 'yan wasan ƙayyadadde ne. In lokaci ya cika sun tashi, ko saura mutum ɗaya a gabanka. Na ga yaro yana birgima a ƙasa saboda haka, uban ya rasa inda zai sa kansa.

Abin da muke yi da nawa yaran, kowa ya zaɓi mutum uku tun a mota, babba ɗaya, sauran biyun waɗanda ba a cika rububinsu ba. Su ɗin ne ma ke da sararin ɗago kai su tambayi yaro sunansa da gurbin da yake bugawa. Ɗiyata har yau labarin wani mai tsaron raga take, don ya ce ta nuna masa yadda take tsayawa, ta ware ƙafafu a gaban tebur da hijabinta, ya tafa mata. Shi babban tauraron sa hannu ne da murmushi, sai na baya ya matso. Iyali kuwa ku taho gaba ɗaya, rabin wurin yara ne.

Abba ɗan jami'a: Kawu, ba sai ka sayi riga ba wallahi. Ka sayi baƙar robar nan da suke bugawa, fak, ko ƙaramar sandar hoki ta yara, ko hula. Amma ka kula da alƙalami. Fak baƙa ce wuluk, baƙin alƙalamin maka ba ya fitowa a kanta, sai mai ruwan azurfa ko na zinare. Ka gwada shi a gida, ka cire murfin kafin layi ya zo kanku. In an sa hannu kada Khalifa ya jefa ta aljihu nan take, tawadar na gogewa, ya riƙe ta gefe-gefe ta bushe. Yawanci abu ɗaya ake yarda kowa ya miƙa, wani wurin kuma ba a tsayawa hoto da ɗan wasa, sai dai ka ɗauka daga inda kake. Ka karanta sanarwar kulob ɗin da kyau, har da maganar ko sai da tikiti, don dokar kan canza daga shekara zuwa shekara.

Alhaji na Mill Woods: Ni fa abin nan bai kwanta mini ba. A tsaya awanni cikin sanyin Edmonton don wani ya yi zane a roba? Da kuɗin da lokacin a kai yaro islamiyya mana.

Maman Ilham: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ai ba a ce a fasa islamiyya ba. Yini ɗaya ne. Yaran nan a aji zancen hoki ake, wanda bai san komai ba shi ake bari a gefe. Gara uban ya riƙe hannunsa su je tare.

Injiniya Zazzau: Alhaji, bari in ɗan sa baki. Baban Khalifa, ka ba yaron labarin da zai sa ya ji wasan nan ba na wasu ba ne su kaɗai. Rumun Ndur a Zariya aka haife shi a 1975, shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL, babbar gasar hoki ta Kanada da Amurka, ya fara da Buffalo. Jarome Iginla a nan Edmonton aka haife shi, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya ci ƙwallo 625 a gasar, har Calgary suka jingine lambarsa ta 12 don girmamawa. Nazem Kadri kuma musulmi ne, da ya ci kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da Colorado a 2022 sai ya kai kofin masallacin garinsu, London ta Ontario. Sai dai ka ja wa Khalifa kunne, kada ya je yabon Calgary a tsakiyar 'yan Oilers, gabar da ke tsakaninsu ba ta wasa ba ce. Kai ma kada ka tayar da zancen wasan ƙarshe na 2024 da 2025, Florida ce ta doke su duka biyun, ciwon bai warke ba.

Shawarata ta ƙarshe, ka bar yaron ya yi magana da bakinsa. Mu iyaye mun iya kwace zance. Ya shirya tambaya ɗaya gajeriya, ya ce na gode, shi ke nan. Ku yi alwala daga gida, lokacin sanyi azahar da la'asar kusa suke da juna.

Baban Khalifa: Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na zauna da shi, ya ɓata rai da farko, daga baya ya kawo sunaye biyar maimakon uku. Abba, a wane kanti ake samun makan azurfar?

Abba ɗan jami'a: Duk inda ake sayar da kayan rubutu akwai, Kawu. Amma ina da guda biyu, zan kawo maka masallaci ranar Juma'a.