Mene ne asalin sunan Flegel, kuma me ya sa ba a cika jin sa ba?

Malamin Tarihi, Birnin Kebbi:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a nan Birnin Kebbi, kuma a wannan zangon karatu muna kan batun Turawan da suka shigo Daular Usmaniyya tun kafin Ingilishi su zo da yaƙi. Jamusawa uku ne suka fi fitowa a darasin: Heinrich Barth, wanda ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, da Eduard Robert Flegel, wanda ya hauro Kwara a 1880 ya wuce Sakkwato neman takardar izinin shiga Adamawa, sai kuma Paul Staudinger, wanda ya kawo kyaututtukan Sarkin Jamus Sakkwato da Gwandu tsakanin 1885 da 1886. Ɗalibaina sun saba jin Müller da Schmidt da Wagner a bakin masu sharhin ƙwallon ƙafa, amma Flegel bai taɓa ratsa kunnensu ba, shi ya sa suka tambaye ni ko sunan mahaifinsa ne, ko na garinsu, ko kuwa wata sarauta ce. Ina roƙon waɗanda Allah ya hore wa sanin harshen Jamusanci su taimaka mana da asalin sunan da ma'anarsa, da kuma dalilin da ya sa wasu sunayen Jamusawa suka cika duniya alhali wasu sai an tona kafin a samu mai ɗauke da su.

Malama Mai Nazarin Harsuna, Gusau:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira. Sunan ba na gari ba ne, ba kuma sarauta ba ce. Sunan dangi ne wanda ake gada daga uba zuwa ɗa ba tare da ya canza ba, saboda haka mahaifin Flegel ma Flegel ne, kakansa ma haka. A nan ne ɗalibanka za su fi samun ruɗani, domin a wurinmu sunan da ke biye da na yanka yakan sauya a kowane tsatso: ɗan Umaru ya zama wane Umaru, jikan kuma ya ɗauki sunan nasa uban, ko kuwa a maƙala wa yaro sunan garinsu ranar da aka rubuta shi a makaranta, kamar yadda muka san Shehu Shagari da Aminu Kano.

Jamusawa ma da suna ɗaya suka fara. Tun daga wajajen ƙarni na 12, lokacin da birane suka bunƙasa aka samu masu suna Hans da Heinrich birjik a unguwa guda, sai aka riƙa ƙara wa mutum laƙabi don a bambanta shi a takardun haraji da na gado. Abin ya faro daga biranen kudu da yamma, ya bazu arewa da ƙauyuka a hankali, har wasu yankunan bakin teku na arewa ba su daidaita a kansa ba sai farkon ƙarni na 19. Masana sunaye sun kasa waɗannan laƙubba gida biyar: na sunan uba, na garin da mutum ya fito, na wurin da gidansa yake, na sana'arsa, da na kamanninsa ko halinsa. Müller shi ne mai niƙan hatsi, Schmidt maƙeri, Schneider tela, Weber masaƙi, Fischer kuwa masunci, wanda mutanen Argungu ba sa bukatar a yi musu bayaninsa.

Flegel sunan wani kayan aikin gona ne da ake bugun alkama da sha'ir da shi don a raba ƙwaya da zangarniya. Sanda ce doguwa wadda mutum ke riƙewa da hannu biyu, a ƙarshenta an ɗaura wani gajeren katako mai nauyi da igiyar fata, ta yadda idan aka wulwula sandar sama, gajeren katakon zai juyo ya faɗa wa damin da aka baza a ƙasa da tsawonsa gaba ɗaya. Kalmar ta shigo Jamusanci daga Latin, inda flagellum ke nufin bulala. Don haka wanda aka fara kira da wannan suna, mafi rinjayen zato, ko dai mai sassaƙa irin wannan sanda ne, ko kuwa ɗan ƙodago ne da ke bin gidaje yana bugun hatsi bayan kaka. Jamusawa sun saba da kiran mai sana'a da sunan kayan aikinsa: akwai masu suna Hammer, wato guduma, da Nagel, wato ƙusa, kuma galibi maƙera ko kafintoci ne kakanninsu.

Tsohon Malamin Gona, Argungu:

Malama, Allah ya saka da alheri, bayanin ya gamsar ta fuskar kayan aikin, kuma na gane shi sarai domin aikin ba baƙo ba ne a fadamarmu. Idan an yanke shinkafa ta sha iska, akan shimfiɗa tamfol a tara ta a kai, samari su kewaye ta da sanduna suna bugu bi da bi, kowa na kiyaye lokacin ɗan'uwansa don kada sanduna su haɗu a sama, daga baya mata su zo da faifai da ƙwarya su sheƙe. Bambancin kawai shi ne tamu sandar guda ce, tasu kuwa mai gaɓa biyu, kuma su a cikin rumfar ajiya suke yi da sanyin hunturu, mu kuma a fili.

Amma ina da ja a wuri ɗaya. A shekarun da aka tura mu kwas na noman rani a Jamus, na ji wannan kalma a bakin mutane, kuma ba a gona na ji ta ba. Wata dattijuwa ce a cikin jirgin ƙasa ta faɗa wa wani saurayi da ya miƙe ƙafafunsa da takalma a kan kujerar da ke gabansa, kuma da na tambayi malaminmu sai ya ce ma'anarta marar ladabi, wanda bai san girman na gaba ba. Har ma ya ƙara da cewa suna kiran shekarun tashen balaga, lokacin da yaro ba ya jin magana, Flegeljahre. Tambayata ita ce, ta yaya za mu tabbatar cewa ba wani fitinanne ne aka laƙaba wa sunan ba, ya bi zuriyarsa har yau? Kuma idan haka ne, ashe ba shi ne dalilin ƙarancin masu sunan ba, tunda ba kowa zai yarda ya ci gaba da amsa zagi ba?

Malama Mai Nazarin Harsuna, Gusau:

Baba, abin da ka ji daidai ne, kuma Bajamushen yau idan aka ce masa Flegel, marar ladabin zai fara zuwa masa a rai kafin sandar bugu, domin injin ya kori sandar daga gona tun tuni. Littattafan sunaye ma sukan kawo fassarorin biyu. Abin da ya sa na fi karkata ga kayan aikin shi ne tsarin zamani. Ma'anar zagin ta yaɗu ne daga wajajen ƙarni na 16, inda mutanen birni suka riƙa kiran baƙauye da sunan sandar da ke hannunsa don raini, daga nan ta koma kan duk wani mai kaushin hali. A lokacin kuwa akasarin sunayen dangi sun riga sun kafu da shekaru ɗari biyu ko fiye. Wani mai zane, Georg Flegel, wanda aka haifa a Olmütz ta yankin Morabiya, cikin ƙasar Czech ta yanzu, a 1566 ya rasu a Frankfurt a 1638, ya riga ya gaji sunan a daidai zamanin da zagin ke yaɗuwa. Ba na musun cewa a wani ƙauyen an iya laƙaba wa wani don halinsa, tunda suna ɗaya kan tsiro a wurare da dama ba tare da dangantakar jini ba, amma ba zan gina darasi a kan wannan ba.

Game da gudun zagi kuwa, ba na jin ya taka rawa sosai. Tun da aka kafa ofisoshin rajistar haihuwa da aure na gwamnati a duk faɗin Jamus a 1876, rubutun suna ya daskare, kuma har yau ba a canza sunan dangi sai da ƙwaƙƙwaran dalili da amincewar hukuma. Ban da haka, sunayen da asalinsu tsokana ce suna da yawa kuma masu su ba su damu ba: Klein gajere ne ko ƙarami, Lange dogo, Krause mai murɗaɗɗen gashi. Shi kansa Barth, ɗaya daga cikin fassarorin sunansa ita ce mai gemu, ɗayar kuma gajarta sunan Bartholomäus ce. Wannan ya tuna mini da abin da Malam zai iya kai wa aji: a 1884 Flegel ya tafi Berlin da madugai biyu Hausawa da suka yi masa jagora, kuma ɗayansu an fi saninsa da Madugu Mai Gashin Baki. Da a ce al'adarmu irin tasu ce, da yanzu akwai zuriya guda mai amsa Maigashinbaki, maza da mata, ko da babu mai gashin baki a cikinsu. Abin da ya faru da Jamusawa ke nan, laƙabin mutum ɗaya ne ya zama gadon jikoki.

Ɗalibi a Jamus, ɗan Yawuri:

Gaisuwa ga iyayena da malamaina. Zan taɓa ɓangaren yawa da ƙaranci, wanda shi ne ƙarshen tambayar Malam. A Jamus akwai sunayen dangi daban-daban wajen 850,000, kuma rabon mutane a tsakaninsu ba daidai yake ba ko kusa. Müller ne kan gaba da mutane wajen 700,000, Schmidt na biye da shi, kuma sunaye goma na farko duk na sana'a ne ko na muƙami. Dalilin a fili yake: babu ƙauyen da ba shi da mai niƙa ko maƙeri, kuma galibi shi kaɗai ne a ƙauyen, don haka kiran sa da sana'arsa ya wadatar wajen gane shi, sai sunan ya tsiro a dubban wurare lokaci guda. Bugun hatsi kuwa aikin kowa ne bayan girbi, bai isa ya bambanta mutum da maƙwabcinsa ba sai in akwai wani abu na musamman, kamar ya shahara da sassaƙa sandar ko ya fi kowa ƙarfin dantse. Ga shi kuma akwai wani suna da ya riga ya tare wurin, wato Drescher, wanda kai tsaye yake nufin mai bugun hatsi. Shi ya sa Flegel ba ya cikin sunaye ɗari da suka fi yawa, ko da yake bai kai ƙarancin waɗanda gida ɗaya ko biyu kawai ke amsawa ba.

Akwai kuma abin da ke rage suna bayan ya kafu. A da, mace takan ɗauki sunan mijinta, 'ya'ya kuma na uba, saboda haka gidan da ya haifi mata zalla sunansa ya tsaya ke nan. Sunan da ke da dubban rassa ba ya jin wannan asara, amma wanda rassansa kaɗan ne yana iya ɓacewa daga gari baki ɗaya cikin tsatso biyu ko uku. Sai a shekarun 1970 aka ba ma'aurata damar zaɓar sunan matar a matsayin na gida, a 1994 kuma doka ta tabbatar da cewa kowa na iya riƙe nasa.

Ina so in ja hankalin Malam kan taswirorin da ake samu a intanet masu nuna inda suna ya fi yawa. Manyan binciken da aka yi, har da ƙamus ɗin sunayen dangi da Cibiyar Kimiyya da Adabi ta Mainz ke wallafawa, sun dogara ne da rajistar wayoyin gida ta 2005, mai ɗauke da layuka sama da miliyan 28. Wannan yana nuna inda mutane suke zaune a 2005, ba lalle ne ya nuna inda sunan ya tsiro ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Jamusawa wajen miliyan 12 sun baro Silesiya da Gabashin Prusiya da Bohemiya da sauran yankunan gabas, aka rarraba su a garuruwan da ba su da wata alaƙa da su. Sunan da asalinsa na gabas ne yana iya bayyana yau a yamma, wanda bai san wannan tarihi ba ya ɗauka can ne tushensa.

Flegel ɗinmu ma misali ne na yadda masu magana da Jamusanci suka bazu nesa da iyakokin ƙasar. A Wilna aka haife shi, wato Vilnius babban birnin Lituwaniya na yanzu, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Rasha. Ya zo Legas a 1875 yana aikin wani kamfanin ciniki, ya bi kogin Binuwai a 1879, ya kai yankin mafarinsa a 1882 da takardar da ya samo daga Sakkwato, ya kuma rasu a Brass, a bakin teku a yankin Neja Delta, a 1886, bayan wani Baturen Birtaniya mai suna Joseph Thomson ya riga mutanen Flegel isa Sakkwato da Gwandu a 1885 a madadin kamfanin Ingilishi. Sunan Staudinger, wanda ya isar da kyaututtukan Sarkin Jamus a madadin Flegel, daga wani rukunin sunaye daban ya fito: ƙarshensa na -inger alama ce ta kudu, Bavariya da Ostiriya, kuma yana nuni ga wanda ya fito daga wani wuri mai ƙananan itatuwa ko garin da aka sa wa suna saboda su.