Abin da aka ce kan ƙona zane a katako da shafa fenti

1. A tattaunawar da aka yi kan wannan aiki, kowa ya yarda: a goge katakon da samfefa, a zana da fensir, a ƙona, sannan a shafa fentin akirilik (fentin masu zane da ake sirkawa da ruwa). Kada a ɗora ƙarfe mai zafi kan fenti ko falawud, hayaƙin yana cutarwa.

2. Katako mai haske kamar malaina ya fi maɗaci fito da zane. A kasuwar Panteka ana samun guntaye.

3. Akushi da muciya: fenti a baya ko a mariƙi kawai, ban da inda tuwo ke taɓawa.

4. Nan aka rabu kan abin da za a yi ƙunar da shi. Wasu sun ce alƙalamin ƙona zane mai aiki da lantarki, wasu sun ce da yanayin wutarmu gara ƙarfe a garwashi, irin na masu zanen ƙwarya. Ni dai na ga na lantarkin ya fi sauƙi ga ɗan koyo.

Lokacin hunturu fentin na saurin bushewa, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan.