Kujerar motar jariri ta ƙi zama daidai, don Allah a taimaka

Assalamu alaikum iyaye mata, don Allah wacce ta taɓa amfani da kujerar jaririn nan da ake sawa a mota, in an sauko da tayoyinta kuma ta koma keken turawa, ta cece ni. Yayata ce ta ba ni, ta hannu ce amma fes take, sai dai babu gindinta da ake maƙalawa a mota, ga motar maigida tsohuwar Corolla ce, mun lalube tsakanin kushin kaf ba mu ga ƙarafunan ISOFIX da ake maƙala gindin a jikinsu ba. To muka ce bari mu ɗaure da bel, na bi zanen jikinta, fuskar yaro na kallon baya yadda ake so, amma bel ɗin ya ƙi kaiwa, saura kamar yatsa biyu. Da ƙyar da jiɓin goshi ya shiga, sai kujerar ta miƙe tsaye, yana yin barci kansa ya rinjayo gaba. Jiya tun daga Unguwar Rimi har Kawo hannuna na tallafe da kansa.

Watansa 4, kilo 7, ita kuwa har kilo 13 take ɗauka, balle a ce ya yi mata girma. A kujerar gaba kam ba zan sa shi ba saboda jakar iskar nan da ke kumburowa in an yi haɗari. Hajiya ta ce in rungume shi kawai yadda aka yi da mu, ni dai wallahi hankalina bai kwanta da hanyar Zariya ba, kuma ranar Asabar ne bikin da za mu je. Ana samun gindin shi kaɗai a Kasuwar Barci? Ko akwai dabarar bel ɗin da ban gane ba?